Ciyawar da ake gadi tun 1856

Jama'a salamu alaikum, ku duba bayana ɗin nan, wallahi ciyawa ce zalla, filin ko hekta uku bai cika ba, amma malaminmu sai da ya sa mu kowa ya bi layi kamar za a shiga fada. Nan Rothamsted ne, cibiyar binciken noma a garin Harpenden, wajen rabin awa daga Landan a jirgin ƙasa, tikitin ya cinye min kuɗin cefanen kwana biyu amma dai ba komai.

Park Grass suke ce wa filin. Tun 1856 wasu masu binciken noma, Lawes da Gilbert, suka yanka shi fegi-fegi don gwajin taki, lokacin fa Abdullahi Maje Karofi yana sabon sarki a Kano! Kowane fegi da irin takinsa, wani ba a ba shi komai, kuma har yau haka ake yi, a yanke ciyawar a watan Yuni a auna a ajiye samfur.

To ga abin da ya ɗaure min kai. Fegin da aka bari ba taki, ciyawar gajera ce amma akwai tsiro wajen kala 40 a ciki, furanni ko'ina. Wanda aka yi ta ɗura wa takin amoniyam salfet kuwa ƙasar ta yi tsami, kala biyu uku ne suka rage, su suka danne kowa. A 1903 aka fara zuba wa wani sashe farar ƙasa don rage tsamin, shekarar da Turawa suka ci Kano kenan, kuma kana tsaye za ka ga iyakar da idonka, nan fure can babu. Wasu fegin an daina ba su takin a 1989, a hankali tsirran suka fara dawowa.

Ni dai harkiya da kyasuwa na tuna, da ƙamshin sabuwar ciyawa bayan ruwan fari, kai! Baffana ba boko amma zai lissafa maka ciyawa ashirin da wadda tunkiya ta fi so, su nan sai sun duba littafi. Rubutawar ce kawai suka fi mu.

Masu turo min saƙo wai in aiko kuɗin uriya duk damina, zan aiko, amma Musa ka haɗa da takin shanu, kar ka laftawa gonar shi kaɗai. Wanda kuma zai zo nan, ba wurin yawo ba ne sai da izini, kar ka tsinki ko ganye ɗaya, kuma ka zo da takalmin roba, nawa ya gama jiƙewa.