Waƙa, hoto da zane: yadda ake tada maganar tallafi ga talakawan wasu ƙasashe

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu duba yadda mawaƙa da masu ɗaukan hoto da masu zane suke jawo hankalin mutanen ƙasashe masu arziki su waiwayi talakawan da ke can nesa, mutanen da ba su taɓa gani ba kuma ƙila har abada ba za su haɗu ba.

Me ya sa ma sai an jawo hankalin? Kuɗin tallafin da gwamnatoci suke turawa waje ai harajin mutanensu ne. A 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ma'auni, ƙasashe masu kuɗi su riƙa ware kashi 0.7 cikin ɗari na abin da suke samu a shekara, kuma har yau 'yan ƙalilan ne suke cikawa, irin su Norway da Sweden da Denmark da Luxembourg. Birtaniya ta kai ma'aunin a 2013, a 2021 ta sauko 0.5, a 2025 kuma aka sanar za a ƙara ragewa zuwa 0.3. To kun ga wanda ake yi wa rigakafi ko ake haƙa wa rijiya da wannan kuɗin ba shi da ƙuri'a a ƙasar da ke bayarwa, saboda haka in aljihu ya matsa, kasonsa ne ya fi sauƙin yankewa, sai dai in mutanen ƙasar da kansu sun damu sun yi magana.

Kuma alƙaluma kaɗai ba sa sa mutum ya damu. Akwai wani bincike da masanin halayyar ɗan Adam Paul Slovic da abokan aikinsa suka fitar a 2007, an ba wasu mutane labarin yarinya ɗaya mai fama da yunwa, wasu kuma aka ba su lissafin miliyoyin mutane, sai aka ga waɗanda suka ji labarin yarinyar sun fi bada gudunmawa. Nan ne aikin mai fasaha yake shigowa, shi ne ya iya maida miliyan ta zama fuska ɗaya.

Abin ya daɗe. Katin gaisuwa na farko na UNICEF zanen wata yarinya ce 'yar shekara bakwai daga Czechoslovakia, ta yi shi don godiya kan taimakon da aka kai ƙauyensu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga nan saida kati ya zama hanyar tara kuɗi. A 1971 kuma George Harrison da Ravi Shankar suka haɗa wasan kiɗa da waƙa a New York don 'yan gudun hijirar Bangladesh.

Amma wanda ya canza komai shi ne na yunwar Habasha. A watan Oktoban 1984 BBC ta nuna wani rahoto daga garin Korem a arewacin ƙasar, Michael Buerk ne yake bayani, mai riƙe da kyamarar kuma Mohamed Amin ne ɗan Kenya, wanda ba a cika ambaton sunansa ba alhali idonsa ne duniya ta ara ta gani. Dubban mutane zube a fili da asuba, sanyi na kaɗa su, sun lulluɓa da tsummokara, uwa riƙe da yaron da ko kuka ba ya iyawa. Mawaƙi Bob Geldof ya kalla a talabijin, shi da Midge Ure suka tara taurari aka yi waƙar neman taimako da sunan Band Aid a watan Nuwamba, sannan ranar 13 ga Yulin 1985 aka yi babban wasan waƙa na Live Aid a filin Wembley na Landan da kuma Philadelphia a Amurka a rana ɗaya, aka haska kai tsaye, a ƙiyasi sama da mutum biliyan ɗaya suka kalla, aka tara sama da dala miliyan 100. Gaskiya kar mu raina wannan, abinci ya isa bakin mutane, akwai waɗanda suke raye yau saboda shi.

Sai dai akwai abin da waƙar ba ta faɗa ba, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya. Wanda ya kalli wasan zai ɗauka fari ne kawai, ruwa bai sauka ba shi kenan. Eh an yi fari, amma kuma yaƙi ake yi a arewacin Habasha, gwamnatin soja ta Mengistu tana hana abinci isa yankunan 'yan tawaye, tana kwashe mutane da ƙarfin tsiya tana kai su kudu, har ƙungiyar likitoci ta MSF da ta fito ta soki kwashe mutanen aka kore ta daga ƙasar a ƙarshen 1985. Hoton yaro mai kumburarren ciki yana buɗe aljihu cikin minti ɗaya, amma ba ya gaya maka wa ya toshe hanya. Kuma in shekara da shekaru wannan hoton kaɗai ake nuna wa mutum, zai wayi gari yana ganin nahiya guda ba ta da likita ba ta da manomi ba ta da gwamnatin da za a tuhuma, sai mabarata. Ni wannan ne yake damuna, don tausayi irin wannan yana zuwa da raini a bayansa, kuma wanda ya raina ka yana saurin gajiya da kai.

Mutane sun fara gyarawa kuwa. A 2012 wata ƙungiyar ɗalibai da malamai ta Norway mai suna SAIH ta fitar da bidiyo inda aka juya abin, 'yan Afirka ne suke waƙa suna tara hita, wato na'urar ɗumama ɗaki, don ceto mutanen Norway daga sanyi, manufar ita ce mai kallo ya ji yadda abin yake in da abu ɗaya tak ake siffanta ƙasarsa. A 2014 lokacin Ebola aka sake haɗa Band Aid, mawaƙi Fuse ODG ɗan asalin Ghana ya ƙi shiga saboda yadda ake nuna Afirka a ciki. A lokacin ne kuma mawaƙan Afirka ta Yamma, inda cutar ta ɓarke, su Tiken Jah Fakoly da Salif Keita da Oumou Sangaré da Amadou da Mariam, suka yi tasu waƙar da Faransanci da harsunan gida, suna cewa a yarda da likitoci, a wanke hannu, a daina taɓa gawa, kuɗin kuma ya tafi ga MSF. Ku lura da bambancin, wannan waƙar da masu ciwon take magana. Ita ma ƙungiyar agaji ta Comic Relief ta Birtaniya a 2020 ta ce ta daina tura taurari Afirka ɗaukan bidiyon neman taimako, za ta riƙa ba masu shirya fim na ƙasashen aikin.

Ga wani misali da nake so ku gani da kyau. Wannan ita ce Little Amal, 'yar tsana mai tsawon mita uku da rabi, siffar yarinya 'yar gudun hijirar Siriya, kamfanin Handspring na Afirka ta Kudu ne ya ƙera ta. Mutum ɗaya yana cikinta a kan dogayen sanduna shi yake motsa fuskar, wasu suna riƙe da hannuwanta, sai ka ga ta ƙifta ido, ta sunkuyo ta miƙa wa ƙaramin yaro hannu. A 2021 ta taso daga Gaziantep a Turkiyya ta yi tafiyar kusan kilomita 8,000 har Manchester, Paparoma Francis ya gaisa da ita a Vatican, a wani gari a Girka kuma wasu suka jefe ta. Ba ramammiya ba ce, ba ta roƙo, kai ne kake ɗaga kai ka kalle ta, kuma duk garin da ta shiga sai an yi maganar yaran da take wakilta.

Sannan akwai fasahar da ba aljihunka take nema ba, muryarka take so. A 2005 da aka yi wasannin waƙa na Live 8 ba a ce a turo kuɗi ba, cewa aka yi a matsa wa shugabannin manyan ƙasashe takwas na G8 da za su zauna a Gleneagles a Scotland, mutane suka ɗaura farin awarwaro na roba a hannu suka cika titunan Edinburgh. A shekarar aka amince a yafe wa ƙasashe 18 bashin kusan dala biliyan 40, mafi yawansu a Afirka, duk da cewa alkawarin ƙarin tallafin ba a cika shi gaba ɗaya ba, kuma ba mawaƙa kaɗai suka yi aikin ba, ƙungiyoyi sun yi shekaru suna fafutukar bashin kafin nan.

Yanzu aikin ya ƙara wuya, don a 2025 Amurka ta rusa USAID, hukumarta ta bada tallafi ga ƙasashen waje, wasu ƙasashen Turai ma suna ragewa. Kuma mafi yawan abin da tallafi yake yi ba ya ɗaukuwa a kyamara, yaron da aka yi wa allura bai kamu da ƙyanda ba ai yaro ne kawai yana tafiya makaranta. Masu fim da masu zane na ƙasashen da abin ya shafa su ne suka san inda za su samo wannan labarin, ungozomar da take raba gidan sauro, malamin jinyar da maganinsa ya yanke. In irin wannan bidiyon ya zo gabanku, ku duba wa yake magana a ciki, an nemi izinin wanda aka ɗauka, an faɗi dalilin matsalar, kuma an faɗi inda kuɗin zai tafi. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.