Hanyar Baƙin Dutse: Hannun Wa Ya Jera Waɗannan Duwatsu?

Jama'a, akwai wata katanga da ta isa a dube ta da kyau. Duwatsu ne aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, babu siminti, babu ko kwaɓaɓɓiyar ƙasa a tsakaninsu, amma yau sama da shekara 130 tana tallafe da hanya a bakin kwazazzabo. Nan Swartberg ne, a Afirka ta Kudu. Da harshen Afirkans, sunan yana nufin Baƙin Dutse.

Tsaunin ya tokare tsakanin garuruwa biyu: Oudtshoorn ta kudu, Prince Albert ta arewa. Manomi zai cika amalanken shanunsa da kaya, kasuwa na bayan dutse, amma ta ina zai bi? Akwai mashigar Meiringspoort tun 1858, sai dai gindin rafi take bi, ambaliya na zuwa sai ta share ta.

A 1881 gwamnatin Turawan Ingila ta Cape, wato yankin da tsaunin yake, ta ba da kwangilar yanka hanya ta saman tsaunin. Ɗan kwangilar farko bai wuce kilomita 6 ba jarinsa ya karye. A 1883 aka danƙa wa injiniyan hanyoyi Thomas Bain aikin. Shi kuwa gado ya yi: mahaifinsa, Andrew Geddes Bain, mutumin Sikotilan, shi ya gina hanyar Bain's Kloof da aka buɗe a 1853.

Babu katafila, babu injin fasa dutse. Diga ce, da shebur, da guduma, da baro, sai albarushi. Dutsen da ya gagara, a tara masa itace a cinna wuta, in ya yi zafi jau a sheƙa masa ruwan sanyi ya tsage. Wanda ya taɓa ganin masu fasa dutse a garuruwanmu ba zai ji wannan baƙon abu ba. Daga nan a farfasa, a sassaƙe, a jera. Kuma rashin simintin nan shi ne sirrin: ruwan sama yana tsiyayewa ta kafofin duwatsun, ba ya taruwa a baya har ya ture katangar.

To, su wa ke ɗaga gudumar? Fursunoni ne, sama da 200. Tun 1843 sakataren mulkin Cape, John Montagu, ya kafa hukumar hanyoyi, aka mayar da 'yan gidan yari leburorin gwamnati. A wurin Turawa araha ce. A wurin fursunan, kwana ne a kan tsaunin da ƙanƙara ke sauka a kansa lokacin hunturu, da safe kuma a kora su bakin aiki.

Wannan ne ke sosa mini rai. Gwanintar Bain ba abin musu ba ce, ya san inda dutse zai yarda da inda ba zai yarda ba. Amma da aka buɗe hanyar a watan Janairun 1888, sunansa ne ya shiga tarihi. Waɗanda tafin hannunsu ya yi kanta, a jimla ake ambatonsu: fursunoni.

Har yau ba a shimfiɗa mata kwalta ba, ƙololuwarta ta kai sama da mita 1,500 daga matakin teku. In ka bi ta, rage gudu daidai wani kango da ke gefen hanya. Mutanen wurin suna ce masa Die Tronk, wato Kurkuku. A nan ake kulle su in rana ta faɗi.