Kafin ka saya wa yaro littafin ilimi: lacca a Jos

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu, malamai, 'yan'uwa mata da ke can baya, kuna ji na kuwa? To madalla. An ce in yi magana kan yadda za mu tantance littattafan ilimi na yara da matasa, ba na tatsuniya ba, irin waɗanda ke cewa abin da ke cikinsu gaskiya ne, tarihi, kimiyya, labarin ƙasa, kiwon lafiya. Abubuwa huɗu na zo da su in Allah ya yarda.

Na farko, shekarar da aka buga littafin. Kuma wallahi wannan ne ya fi damuna. Yaro ba ya musu da littafi. Zai yi musu da kai, zai yi musu da yayansa, amma abin da ya gani an buga da baƙin tawada ya zauna kenan, har ya girma yana kare shi. Ku je kasuwar Taminus nan Jos ku ga yadda ake baza littattafan gwanjo a ƙasa, bango na ƙyalli, hotuna masu kala, ga araha, sai uba ya ɗauka don yana son ɗansa ya yi karatu, niyya mai kyau. Ni ban hana gwanjo ba fa, akwai masu kyau sosai a ciki. Abin da nake roƙo, ka juya shafin farko, a bayansa ake rubuta shekara da sunan kamfanin ɗab'i da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafin. In babu ko ɗaya, ajiye shi.

In akwai, to nemi taswirar Najeriya. In ka ga Legas ce babban birni, littafin ya girmi 12 ga Disamba 1991, ranar da gwamnati ta tare a Abuja. Ƙirga jihohi. Tun 1996 jihohi 36 ne, kuma a shekarar ne aka cire Nasarawa daga jikin Filato, saboda haka in ka ga Lafiya da Keffi a cikin Filato, ka san tsoho ne. Alhaji na ga kana murmushi, ko akwai irinsa a gida? To a je a duba yau. Haka taswirar Afirka, Sudan ta Kudu sai 2011 ta zama ƙasa. Haka duniyoyin da ke zagaya rana, mu an koya mana tara, amma tun 2006 masana suka cire Fuluto daga sahun manya, saura takwas. Yaro ya haddace tara da zuciya ɗaya, ya shiga jarrabawa ya rubuta, a soke masa, ya dawo gida yana kuka bai san laifinsa ba. Kuma ba shi da laifi! Ina maimaitawa, ba shi da laifi, abin da muka saya masa ya karanta.

Tunda mun shiga tarihi bari in faɗi wannan kar in manta. Har yanzu akwai littattafan da ke cewa Mungo Park ne ya gano kogin Neja a 1796. Mutumin ya isa bakin kogin a Segu, cikin ƙasar Mali ta yau, ya tarar da gari da jirage da masu fito. Waɗannan mutanen fa? Nufawa da Sarkawa da ke kamun kifi a kogin tun kaka da kakanni fa? Shekarar daidai ce, amma an ba da labarin kamar mu ba mutane ba ne. Littafi nagari zai ce shi Bature ne da ya kai wa Turai labarin kogin, shi kenan. Kuma ku duba ko littafin ya san da mu. Kayan tarihin Nok, waɗannan kawunan na yumɓu, wajen haƙar kuza aka fara tono su a 1928, can kudancin Kaduna, ga gidan tarihinmu nan Jos da aka buɗe a 1952 yana ajiye da irinsu. Yara nawa ne a unguwanninmu suka taɓa shiga? Ka karanta masa shafin, ranar Asabar ka kai shi ya gani da idonsa.

Na uku... ko na biyu ne, malam? To duk ɗaya. Harshe. Ka ba yaron shafi guda ya karanta a bayyane, in yana tuntuɓe kowane layi, ya fi ƙarfinsa, in ya gama ka ce ya faɗa maka da Hausa abin da ya gane. Sai hotuna, su dace da bayanin, ba ado kawai ba. Littafin waje zai koya masa lokuta huɗu har da dusar ƙanƙara, ba laifi ya sani, amma ya fara sanin damina da kaka da hunturu da bazara. In kuma na aji ne, ku tambayi makaranta ko ya bi manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantun ƙasar nan. Na ga ana ɗaga min agogo.

Na'am Hajiya, a miƙa mata makirfo. Tana tambaya kan littattafan balaga da ake sayar wa 'yan mata, wai a bari su karanta ko a hana. Hajiya kin taɓo babban abu, Allah ya saka. Kada ki hana, don in kin hana waya ce za ta koya mata, kuma waya ba ta da kunya. Amma ke za ki fara karantawa, daga bango zuwa bango, in bokon ya yi nauyi ki sa ƙanwarki ko malamarta ta Islamiyya. Ki duba wa ya rubuta, likita ce, nas ce, ko ba suna ma. Duk wanda ke tallar wani magani a ciki, ko yake tsoratar da yarinya cewa al'ada cuta ce, mayar da shi. Ai littattafan fiƙihu da suke karantawa a Islamiyya ma suna da babin haila, ba sabon zance ba ne a wajenmu. Ki kai wa wata nas ta duba shafukan da ba ki gamsu da su ba, sannan ku zauna ke da ita ku karanta tare, ƙofa a rufe. Iyaye maza, samarin kuma naku ne, kar ku bar wa Hajiya. Akwai wata tambayar?