Darasin Turanci: 'Yar Ƙaramar Kalmar da Ke Juya Ma'ana

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, musamman 'yan aji ɗaya na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, na Yalwa da na Gubi. Yau za mu tsaya kan abin da ake kira "phrasal verbs", wato aikatau da ake liƙa wa 'yar ƙaramar kalma irin su off, up, out da in. Malama, bismillah.

Malama: Na gode Malam. Mu fara daga gida. Bahaushe na cewa ci tuwo, ci amana, ci bashi, ci jarrabawa. "Ci" ɗaya ce, amma wa ya taɓa sa amana a baki? Baƙon da ya haddace "ci" ita kaɗai ya shiga uku. To haka mu ma muke shiga in muka haddace "put" ko "call" tsirara. Kowace a riƙe ta da wutsiyarta, a cikin jimla. Ga misali daga allon sanarwa: "The test has been put off." An ɗaga gwajin ke nan, yana nan tafe. In an ce "called off", an soke shi. Wanda ya rikita su sai ya hau mota ya tafi Azare hutu, a yi gwaji ran Litinin ba shi.

Malam: To "put out" fa?

Malama: Kashe wuta mai ci, irin ta gobara ko kyandir. Fanka da rediyo kuwa "turn off" ko "switch off". Wannan "off the fan" da muke yi a ɗakin kwana, babu aikatau a cikinta sam, jan biro za ta sha. Amma inda aka fi zubar da maki shi ne wurin ajiye wakilin suna. Kana iya cewa "hand in the assignment", kana iya cewa "hand the assignment in", duk daidai. Da zarar ka maye gurbin sunan da "it", dole ya shiga tsakiya: "hand it in". Babu "hand in it". Sai dai wasu ba sa rabuwa ko da wuƙa: "look after him", ba "look him after" ba.

Malam: Ta yaya ɗalibi zai gane mai rabuwa?

Malama: Kunne ba ya isa, sai ƙamus. A ƙamus ɗin Oxford na masu koyo za ka ga 'yar kibiya mai kai biyu kafin ƙaramar kalmar. In ka gan ta, ana raba su. Sai masu rubuta wasiƙar neman wurin sanin makamar aiki, ku kula: "I look forward to hearing from you." Wannan "to" ɗin ba irin ta "to go" ba ce, suna take nema a bayanta, shi ya sa aikatau ke ɗaukar -ing.

Malam: Ni wadda ke ci mini tuwo a ƙwarya ita ce "let me round up", har daga bakin manya a taro.

Malama: Wallahi kuwa. "Round up" tattaro mutane ne, kamar yadda 'yan sanda ke kame, ko a cike 4.7 ta koma 5. Kammala jawabi "round off" ne. Haka "cope with", babu "up" a tsakaninsu. Karin magana kuma ba a canza masa ko kalma ɗaya. "Cut your coat according to your cloth" ake cewa, ba "size" ba, don yadin da ke hannunka shi ke yanke girman rigar, daidai ruwa daidai tsaki. "Birds of a feather", ba "of the same feather" ba. A ganina ma, a kundin bincike a bar karin magana gaba ɗaya, a rubuta "investigate" maimakon "look into".

Malam: Aikin gida: ku samu littafin rubutu guda, ku rubuta "phrasal verbs" biyar kacal a mako, kowace da jimlarka ta kanka. Ku fara da "pass out" da "pass away". Ɗaya suma ce, ɗaya rasuwa, ku gano wace ce wace kafin ku rubuta wa wani saƙon jaje.