Lissafin Ikonomis a Babbar Sakandare: Inda Maki Ke Zubewa

Assalamu alaikum 'yan SS1 zuwa SS3. A ɗauko biro da rula da kalkuleta, domin darasin yau ba na hadda ba ne.

A jarrabawar ikonomis ta WAEC, takarda ta biyu tana farawa ne da sashen da ake ba ɗalibi tebur ko zane mai ɗauke da lambobi. Tambayoyi biyu ne, ya zaɓi ɗaya. Makin da ke zubewa a nan ba lallai rashin karatu ke zubar da shi ba. Ɗalibi ya san ƙa'idar sarai, amma ya raba da lambar da ba ita ba, ko ya kifa lissafin, sama ya koma ƙasa.

Mu fara da matsakaici. Ku dubi allo. A ce 'yan tireda bakwai ne a layi ɗaya, ga ribar kowa a rana: naira 2,000, 2,500, 2,500, 3,000, 3,500, 4,000, sai na ƙarshe mai babban shago, 31,500. Idan aka haɗa, 49,000 ke nan. A raba gida bakwai, a sami 7,000. Wannan shi ne min. To amma shida daga cikin bakwai ɗin nan ko kusa da 7,000 ba sa samu. Mutum ɗaya ne ya ja lambar sama. Shi ya sa ake da midiyan, wato lambar da ta faɗo daidai tsakiya bayan an jera su daga ƙarama zuwa babba. A nan ita ce ta huɗu, 3,000. Mod kuwa ita ce wadda ta fi maimaituwa, 2,500. Duk lokacin da ake maganar kuɗin shiga, inda 'yan ƙalilan suka yi wa saura fintinkau, midiyan ta fi faɗin gaskiyar halin da mutane ke ciki.

Kada ku ɗauki lambar tsakiya kafin ku jera. Masu tsara tambaya da gangan suke hargitsa lambobin. In kuma adadinsu bai bar tilo a tsakiya ba, kamar shida ko takwas, sai a haɗa biyun tsakiya a raba biyu.

Teburin maimaituwa shi ne ya fi kayar da ɗalibai. Mutum 10 sun sayi mudu ɗaya-ɗaya, mutum 6 sun sayi bibbiyu, mutum 4 sun sayi uku-uku. A ninka kowane adadi da yawan masu sayensa: 10, 12, 12, jimla 34. Da me za a raba? Da yawan mutane, 20. Amsa 1.7. Wanda ya raba da 3, don ya ga layi uku a tebur, zai sami sama da 11, alhali babu wanda ya sayi fiye da mudu uku. Ku riƙe wannan gwajin: matsakaici ba ya taɓa ɗara babbar lamba, ba ya kuma gaza ƙarama.

Zanen da'ira ba shi da wuya. Kowane kaso a raba shi da jimla, a ninka da 360. In kusurwoyin ba su haɗu sun ba da 360 ba, a sake lissafi kafin a taɓa furotirakta.

Yanzu mu shiga kasuwa. A zanen buƙata da wadata, farashi yana kan layin tsaye, adadin kaya yana kan layin kwance. A rubuta sunan kowane layi, domin akwai maki a kansa. A ce an ba ku cewa adadin da masu saye ke nema shi ne 100 a cire ninki biyu na farashi, adadin da masu sayarwa ke kawowa kuma 20 a ƙara ninki biyu na farashi. A daidaita su. A kwashe masu farashi gefe guda, a bar lambobi gefe guda: 80 daidai yake da farashi sau huɗu, farashi 20 ke nan. A mayar da 20 cikin lissafin farko, a sami 60. A mayar cikin na biyu, 60 ɗin dai. In ba su zo ɗaya ba, akwai kuskure. Idan farashi ya hau 25, masu saye 50 suke so, an kawo 70, kaya sun yi kwantai da 20. Idan ya sauko 15, ana neman 70, an kawo 50, sai a ga layi da 'yan bumburutu.

Ga inda ake yawan tafka kuskure. A shekarar 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da wasu jihohin arewa, farashin kwando ya yi tashin gwauron zabi. Ɗalibi zai rubuta cewa buƙatar tumatir ta ragu, tunda mutane sun rage saye. Ba haka ba ne. Sha'awar miyar tumatir tana nan daram. Wadata ce ta karye, layinta ya matsa hagu, farashi ya hau, masu saye suka hau kan layinsu na da zuwa wurin da ake sayen kaɗan. Ragon layya kuwa akasin haka ne: in babbar sallah ta gabato, a kowane farashi mutane sun fi son rago fiye da watan jiya, don haka layin buƙata ne kacokan ya matsa dama. Kafin ku zana komai, ku tambayi kanku: farashin kayan ne da kansa ya sauya, ko wani abu ne daban, kamar kuɗin shiga, yanayi, tsadar taki ko farashin kishiyar kayan? Na farko tafiya ce a kan layi. Na biyu shi ke ɗaga layin.

Sai ilastisiti, ma'aunin da masanin Ingila Alfred Marshall ya yaɗa tun 1890. Yana auna yadda masu saye ke ja da baya in farashi ya motsa. Kason sauyin adadi a sama, kason sauyin farashi a ƙasa. Kwanon masara ya tashi daga naira 2,000 zuwa 2,500. Ƙarin 500 ne, a raba da tsohon farashi, 2,000, a ninka da 100: kashi 25. Ciniki ya sauka daga kwano 100 zuwa 90: kashi 10. A raba 10 da 25, a sami 0.4. Bai kai ɗaya ba, ma'ana masu saye ba su gudu sosai ba. Wanda ya raba da sabon farashi zai sami 0.5. Wanda ya kifa lissafin zai sami 2.5, ya ce masara kayan alatu ce, ya rasa har makin bayani. Alamar ragi da kan fito a amsar ba abin damuwa ba ce, tana nuna cewa farashi da adadi hannun riga suke yi.

Ku gwada da kuɗin ciniki. Na masarar da 200,000 ne, yanzu 90 sau 2,500, wato 225,000. Farashi ya hau, kuɗi ya ƙaru. Amma lemon kwalba da ya tashi daga 400 zuwa 500, ciniki ya faɗo daga 100 zuwa 60, ilastisitinsa 1.6 ne, kuɗin ya zube daga 40,000 zuwa 30,000, domin ga zoɓo ga kunun aya a gefe. Samun madadi shi ne babban dalilin da ke sa ilastisiti ya yi yawa. Sai girman abin a aljihun mai saye, da kasancewarsa dole, da kuma lokaci. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai babur bai da zaɓi a makon farko, amma da tafiya ta yi nisa wasu masu amfani da fetur sun koma sola, wasu gas.

Wannan lissafin ne ke bayyana kukan manomi a shekarar da damina ta yi albarka. Hatsi ya cika Dawanau, farashi ya faɗi, amma ba wanda zai ninka cin tuwo don masara ta yi araha. Ga aikinku: girbi ya ƙaru daga buhu 100 zuwa 120, farashin buhu ya sauka daga 50,000 zuwa 35,000. Ku fitar da ilastisiti, ku lissafa kuɗin manoman kafin da bayan, ku nuna kowane mataki a layinsa, domin mai makin yana biyan hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure.