Amsoshin Tambayoyinku: Haƙori da Sauran Ciwon Jiki

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako duk a kan haƙori suke, sai dai kowacce tana tafe da wani ciwo a bayanta. Muna tare da likitan haƙori a ɗakin watsa shirye-shirye. Likita, barka da zuwa.

Likita: Barka kadai, Malama.

Mai gabatarwa: Ta farko daga wani magidanci ce a Shara Mansur, cikin garin Makka. Ya ce ɗansa mai shekara 13, wanda yake da sikila, ya faɗi a wurin ƙwallo, haƙorinsa na gaba ya fita gaba ɗaya har saiwa. Suka naɗe shi a tishu, ba su isa asibiti ba sai bayan kusan awa 3. An mayar da haƙorin, amma an ce kada su sa rai sosai. Tambayarsa ita ce: sikilar ce ta ɓata al'amarin, ko jinkirin?

Likita: Allah ya ba yaro lafiya. Alhaji, jinkirin ne da tishun nan, sikila daga baya ta shigo maganar. Haƙori ba a jikin ƙashi yake manne kai tsaye ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wasu zaruruwa masu rai, siraran gaske, su suke riƙe da shi. Idan haƙori ya fita, wani ɓangare na zaruruwan nan yana biyo saiwar. In an mayar da shi suna raye, sai su sake kamawa. Kamar dashen tumatir ne, in ka tumɓuke ka bar saiwar a rana, ko ka binne ta daga baya ba lalle ta kama ba. Minti 15 na farko su ne mafi daraja. In haƙori ya yi minti 60 a bushe, mu likitoci muna ɗauka ƙwayoyin halittar da ke jikin saiwar sun mutu. Ƙungiyar likitocin raunin haƙori ta duniya ma a kan haka ta tsaya a ƙa'idojin da ta sabunta a 2020.

Mai gabatarwa: To da me ya kamata su yi a filin ƙwallon?

Likita: A ɗauki haƙorin ta kansa, wato farin da ake gani a baki, kada a taɓa saiwar. In da ƙasa a jiki, a ɗauraye shi kaɗan da madara, ban da gogewa ko kankarewa. A mayar da shi raminsa nan take, yaro ya ciji hankici mai tsabta, a nufi asibiti. In ba a iya ba, a jefa shi cikin madara. Kowace bakala, wato kantin unguwa, tana da madarar kwali, amma a lura, halib nake nufi, wato madara zalla, ba laban mai tsami ba. In babu, yaro ya tofa yawu a kofi a sa haƙorin ciki. Ruwa zalla yana kumbura ƙwayoyin har su fashe. Na san mutanenmu a nan, hannu zai fara kaiwa ga jarkar Zamzam. A ba yaron ya sha, amma haƙori a sa shi a madara. Kuma duk wannan magana ta haƙorin girma ce. Haƙorin yaron da bai yi famfara ba, ba a mayar da shi, don kada a lalata na ƙasa da ke shirin fitowa.

Mai gabatarwa: In haka ne, me ya sa aka mayar da na wannan yaron bayan awa 3?

Likita: Wanda ya mayar ya yi daidai a ganina. Ko da zaruruwan sun mutu, haƙorin zai tsare wurinsa, ya riƙe ƙashin kada ya zube, yaro kuma bai tashi da giɓi a gaban bakinsa ba. Abin da ke faruwa shi ne ƙashi ya manne da saiwar, a hankali ya riƙa cinye ta, wani lokaci cikin shekaru. Tun da yaron yana girma, za a iya ganin haƙorin kamar yana nutsewa, 'yan'uwansa sun fi shi tsawo. Dashen haƙori na ƙarfe sai girma ya tsaya, wajen shekara 18 ko sama. Yanzu dai za a ɗaure shi da siririyar waya mako 2, a cire jijiyar cikinsa a cikin waɗannan makonni, a duba ko allurarsa ta tatanas tana nan da ƙarfinta.

Sai mu zo kan sikila. Mai sikila saifarsa ba ta aiki yadda ya kamata, don haka ƙwayar cuta tana saurin samun galaba a kansa. Jininsa kuma yana maƙalewa a ƙananan jijiyoyi, ƙashi bai samun isasshiyar iska, shi ya sa ruɓar ƙashin muƙamuƙi ta fi samun masu sikila. Ƙari a kan haka, ciwo da zazzaɓi da ƙishirwa suna tayar da ciwon sikilar kansa. Saboda haka, Alhaji, maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka rubuta a shanye shi duka, a yawaita ba shi ruwa, ka san zafin Makka, kuma likitansa na jini ya san abin da ake ciki. In ka ga zazzaɓi ko kumburin fuska, kada a kwana a gida. Asibitocin ƙasar nan ta Saudiyya sun san sikila sarai, tana da yawa a yankin Gabas da Jizan, har gwajinta ya zama dole kafin aure tun 2004. Akwai dai waɗanda ba a mayar musu da haƙori ko da ya zo a kan lokaci: wanda garkuwar jikinsa ta faɗi ƙasa sosai, kamar mai karɓar maganin ciwon daji, da mai matsanancin ciwon zuciya.

Mai gabatarwa: Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Jidda, mai ciwon suga. Ta ce an sa mata ranar cire haƙorin turmi, da ta je aka mayar da ita gida wai suga ya yi sama, alhali da safen ta auna ta ga daidai. Tana zargin yawo da hankali ne.

Likita: Hajiya, a yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne. Na'urar gida tana gaya miki sugan wannan safiyar ne kawai. Gwajin da ake kira tarakumi a nan, shi yake nuna yadda suga ya kasance cikin kusan wata 3. Ƙasa da kashi 7 cikin 100 shi ake so ga yawancin masu suga. In ya haura 8 ya doshi 9 ko 10, likita zai yi jinkirin duk aikin da ba na gaggawa ba. Dalili kuwa, ramin da aka cire haƙori sai jini ya daskare a ciki, sababbin jijiyoyi su tsiro, nama ya rufe, ƙashi ya cike. Suga mai yawa yana rage kuzarin fararen ƙwayoyin jini, yana lalata ƙananan jijiyoyi, sai rauni ya daɗe a buɗe. Amma in akwai mugunya da kumburi, ba a jira, a nan take ake fitar da ita, domin ita kanta tana ɗaga suga. Ciwon dasashi ma haka yake yi, shi ya sa gyara dasashi yakan taimaka wa suga ya ɗan sauka. Ranar aikin ki nemi layin safe, ki karya kumallo, ki sha maganinki. Kada ki je da yunwa, faɗuwar suga a kan kujerar likita ita muka fi tsoro.

Mai gabatarwa: Ga wani direba daga Madina. Yana shan maganin tsinka jini tun da aka sa masa ɗan bututu a jijiyar zuciya. Abokinsa ya ce ya daina sha mako guda kafin cire haƙori.

Likita: Ɗan'uwa, abokin nan naka yana ƙaunarka, amma kada ka bi shawararsa. Jinin ramin haƙori muna da dabarar tsayar da shi: ɗinki, da wani soso da ake cusawa, da audugar da za ka cije minti 30. Jinin da ya daskare a cikin bututun zuciya kuwa yana iya kisa. Asfirin da makamantansa galibi ba a dakatar da su don cire haƙori ɗaya ko biyu. Mai shan warfarin, wani maganin tsinka jini, ana masa gwajin INR, wato gwajin saurin daskarewar jini, kafin aikin, in yana ƙasa da 4 ana iya yi, wasu likitocin sun fi son kada ya wuce 3.5. In ma za a taɓa maganin, likitan zuciya ne zai faɗa. Bayan aiki ka sha farasitamol, ka bar Brufen, yana ƙara zubar jini. Wanda aka canza wa bawul ɗin zuciya kuma, shi ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, amoksisilin giram 2, minti 30 zuwa 60 kafin a fara, in ba ya da borin jini da shi. Sigari da shisha a ajiye su aƙalla kwana 3, zuƙar tana fizge daskararren jinin daga ramin, sai ƙashi ya zauna a fili, ciwon ya fi na haƙorin da aka cire.

Mai gabatarwa: Lokaci na hararmu, Likita. Wata baiwar Allah daga Hindawiyya ta ce ana yi wa mahaifiyarta allurar ƙarfin ƙashi duk wata 6, ko ya shafi haƙori?

Likita: Ya shafa ƙwarai, kuma na ji daɗi da ta tambaya, don tsofaffinmu ba sa lissafa allura cikin magani. Magungunan nan suna rage saurin sabunta ƙashi. Tun 2003 aka fara ba da rahoton cewa wasu masu amfani da irinsu, in an cire musu haƙori, ramin ya ƙi rufewa, ƙashin ya mutu. Ga mai raunin ƙashi na tsufa haɗarin kaɗan ne, ya fi yawa ga masu ciwon daji da ake ba su da yawa ta jijiya. A tafi da takardar allurar da ranar da aka yi ta ƙarshe, a zuba duk kwalayen maganin Iya a leda a kai wa likitan. Kada kuma a tsallake allura ba da saninsa ba.

Mai gabatarwa: Mai tambaya a kan wankin ƙoda, taka sai mako mai zuwa.

Likita: Kafin nan dai, in za a cire masa haƙori, a yi aikin washegarin ranar wankin, lokacin da maganin hana daskarewar jini da ake sa masa wurin wankin ya bar jikinsa.

Mai gabatarwa: Mun gode, Likita. Masu saurare, a huta lafiya.