Ƙungiyar Makaɗan Kimbanguiste ta Kinshasa: Yadda Ta Faro

Jama'a, barkanku da zuwa. Laccarmu ta yau a kan wata ƙungiyar makaɗa ce ta birnin Kinshasa, a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, mai yin kiɗan gargajiyar Turawa, wadda mutane masu sana'o'insu suka kafa, mafi yawansu ba su taɓa zuwa makarantar kiɗa ba.

An kafa ta a shekarar 1994, kuma wanda ya assasa ta shi ne Armand Diangienda, wanda asali matuƙin jirgin sama ne kafin aikin ya kuɓuce masa. Jika ne ga Simon Kimbangu, mai wa'azin nan da Turawan mulkin mallaka na Beljiyam suka kama a 1921, ya zauna a kurkuku har ya rasu a 1951, kuma daga sunansa cocin Kimbanguiste da ita kanta ƙungiyar suka samo nasu. A harabar gidan Diangienda, a unguwar Ngiri-Ngiri, ake yin atisaye, kuma shi da kansa ya koya wa kansa karanta rubutun kiɗa da jagorancin makaɗa.

A ganina, abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne kayan kiɗan. Da aka fara, masu son koyon gogen Turawa sun fi gogen yawa, saboda haka sai aka riƙa karɓa-karɓa: wannan ya goga na ɗan lokaci, ya miƙa wa na kusa da shi, ya koma gefe yana kallon yatsun ɗan'uwansa. Idan tsirkiya ta tsinke, babu kantin da za a je a sayo wata, sai a nemo wayar birkin keke a ɗaura. Wanda ya san yadda mai goge a ƙasar Hausa yake lallaɓa izgarsa zai gane girman wannan hali. Daga baya wani daga cikinsu ya kwance kayan kiɗa ɗaya, ya auna sassansa, ya fara sassaƙa irinsa da katakon ƙasar.

Su kuwa makaɗan, da rana kowa yana wajen neman abincinsa, daga mai gyaran wutar lantarki zuwa mai aski da mai talla a kasuwa, sai da yamma su taru, wasu bayan doguwar tafiya a ƙasa, kuma sau da yawa a ɗauke wuta ana tsakiyar atisaye. A haka mawaƙansu, waɗanda harshensu Lingala ne da Faransanci, suka haddace baitocin Jamusanci na babban kiɗa na tara na Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, gaɓa bayan gaɓa.

Yawansu ya kai kusan mutum 200 idan aka haɗa da mawaƙa. Wani fim da Jamusawa suka fitar a 2010 ya sa duniya ta san da su, a 2013 ƙungiyar Royal Philharmonic Society ta Landan ta karrama Diangienda da zama mambanta na girmamawa, sannan a 2014 suka je Ingila suka yi wasa tare da makaɗan can.